Kafin Ka Sayi Madubin Hangen Nesa Don Kallon Tsuntsaye Da Taurari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin masu karatu da suka fara sha'awar kallon tsuntsaye da rana ko taurari da dare, kuma suke shirin sayen madubin hangen nesa mai ido biyu. Yawancin masu saye tambaya ɗaya suke yi: sau nawa yake jawo abu kusa? Da an ce musu sau 20 ko sau 30, sai su ga sun yi tsintuwa. Alhali babu abin da ya fi wannan lambar jefa mutane cikin asara, domin madubin da ya fi jawowa ba shi ne ya fi nunawa ba.

A jikin kowane madubi akwai lamba biyu, misali 8x42 ko 10x50. Ta farko ita ce ƙarfin jawowa. Da madubi mai 8, tsuntsun da ke nisan mita 40 zai bayyana kamar yana mita 5 daga gare ka. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita, kuma shi ne ƙofar da haske ke shiga. Faɗin nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda hasken da gilashi ke tarawa yana bin girman farfajiyarsa ne gaba ɗaya. Gilashi mai milimita 50 yana tara hasken da ya fi na mai milimita 42 da wajen kashi 40 cikin ɗari, kuma yana ninka na idon mutum wajen sau 50 ko da ƙwayar idon ta buɗe iyakar buɗewarta. Shi ya sa a wuri mai duhu sosai ido tsura yake ganin taurari 'yan dubbai, amma mai milimita 50 yake iya kaiwa ga fiye da 100,000 a faɗin sararin sama.

Ga wani ɗan lissafi da nake roƙon kowa ya yi kafin ya miƙa kuɗinsa. Ka raba lamba ta biyu da ta farko. Abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta gilashin ido, wato ƙaramin gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, ya shiga idonka, kuma za ka iya ganinsa ƙuru-ƙuru idan ka riƙe madubin nesa da fuska kamar kamu ɗaya ka fuskanci wuri mai haske. A 8x42 ɗigon ya kai milimita 5.25, a 10x50 milimita 5, a 10x42 milimita 4.2, a 7x50 ya ɗan haura 7, a ƙaramin 10x25 na aljihu kuwa 2.5 ne kawai. To, ƙofar da ke tsakiyar baƙin idon mutum tana tsukewa da rana zuwa milimita 2 ko 3, da dare kuma ta buɗe. A matashi takan kai milimita 7, amma tana raguwa da shekaru, har ta tsaya wajen 5 a yawancin dattawa. Ma'anar wannan ita ce, da tsakar rana ɗan ƙaramin madubi da babba kusan haske ɗaya za su ba ka, shi ya sa mai gwaji da rana tsaka yakan ruɗu. Bambancin sai da asuba, ko gab da magariba, ko a ƙarƙashin duhuwar itatuwa, kuma waɗannan su ne lokuta da wuraren da tsuntsaye suka fi kai-komo. A nan mai ɗigon 2.5 yake dushewa, mai ɗigon 5 kuma ya ci gaba da nuna launin gashin tsuntsu. Ta ɗaya ɓangaren, mutumin da ya haura shekara 50 idan ya sayi 7x50 saboda taurari, wani kaso na hasken da ya biya kuɗinsa a gefen ƙwayar idonsa yake zubewa, bai shiga ba. Haka ma wanda ke kallo daga wurin da fitilu suka yi yawa: babban ɗigo yakan sa sama ta yi fari-fari, taurarin su kasa fita sosai. Tsakanin milimita 4 da 5 da rabi, nan ne alherin yake ga yawancin mutane.

Sai batun rawar hannu. Duk abin da madubi ya ninka girmansa, ya ninka girgizar hannunka da shi. A ƙarfi 7 ko 8 kusan kowa zai iya riƙewa hoton ya tsaya. A ƙarfi 10 mai tsayayyen hannu zai iya, amma bayan 'yan mintuna kafaɗa ta fara gajiya, tauraro ya fara zana layi. Daga 12 zuwa sama hannu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ɗora a kan maɗori mai ƙafa uku irin na kyamara. Manya irin 15x70 da 20x80 suna da kyau ƙwarai ga taurari, sai dai nauyinsu yana farawa daga kilo ɗaya da 'yan kai zuwa sama da kilo biyu, kuma babu mai bin tsuntsu da su. Akwai masu na'urar kashe girgiza a ciki, irin waɗanda kamfanin Canon ya yi suna da su, suna aiki da batir kuma aikinsu na gaske ne, amma tsada da nauyi da ɗawainiyar batir sun sa ba su ne abin farawa ba.

Ƙarfin jawowa yana kuma cinye faɗin filin da kake gani. Ana rubuta faɗin fili ko dai da digiri, ko da mita nawa ake gani a nisan mita 1,000. Digiri ɗaya daidai yake da mita 17.5 a wannan nisa. Mai 8x42 na kirki yakan ba da digiri 7 zuwa 8, wato mita 120 zuwa 140, mai 10x50 kuma wajen digiri 6 zuwa 6 da rabi. Wanda bai taɓa bin tsattsewa a sama ba, ko ɗan tsuntsun da ke tsalle daga reshe zuwa reshe, zai ɗauka digiri ɗaya ba komai ba ne. Amma da ƙunƙuntaccen fili kamar leƙe ne ta cikin kara: kafin ka lalubo reshen, tsuntsun ya tashi. A sama ma haka ne. Wata rabin digiri kawai yake ci, taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta wajen digiri 2, kuma daɗin madubi mai ido biyu shi ne ka ga gungun taurari tare da abin da ke kewaye da shi, abin da babbar na'urar hangen taurari mai ido ɗaya ba ta cika iyawa ba.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Wanda zai sayi guda ɗaya don ayyukan biyu, ya sayi 8x42. Nauyinsa giram 600 zuwa 800, ana iya rataya shi a wuya tsawon yini, filinsa da faɗi, haskensa ya isa asuba da dare. Wanda taurari ne kan gaba a wurinsa, tsuntsaye kuma jefi-jefi, 10x50 ya fi masa, ko da yake ya kusa kilo ɗaya. Mai kallon tsuntsayen bakin ruwa ko shaho da mikiya daga nesa a buɗaɗɗen fili zai iya zaɓar 10x42. Yaro ko mai ƙaramin hannu kuwa 8x32 ko 6x30 ya fi dacewa da shi.

Akwai nau'o'in da nake ba da shawara a kauce musu gaba ɗaya. Na farko masu ƙarfi mai canzawa, waɗanda ake rubuta wa 10-30x50 da makamantansu: filinsu ƙunƙuntacce ne tun a ƙaramin ƙarfi, a babban ƙarfi kuma hoton ya yi duhu, ga sassa masu motsi da yawa da ke saurin gocewa daga saiti. Na biyu masu gilashin gaba ja jawur ko ruwan lemo mai ƙyalli. Wannan shafen yana korar jan haske ne, sai duk abin da ka kalla ya koma kore-kore, alhali launi shi ne rabin shaidar gane tsuntsu. Na uku waɗanda ba su da abin saitawa sam, ana cewa kullum a saite suke: ba sa nuna abin da ke kusa. Sai kuma masu lambobin ƙarya irin 60x60 ko 100x180 a jikin abin da bai fi tafin hannu ba. Ka sa rula ka auna gilashin gaba, gaskiya za ta fito. Kuma babu madubin gilashi zalla da ke gani a baƙin duhu, ko me aka rubuta a kwalinsa. Arha ba ta ado.

A cikin kowane bututu akwai dunƙulen gilashi mai kusurwoyi da ake kira firizim, aikinsa ya miƙar da hoto, domin ba don shi ba da komai a kife za a gan shi. Iri biyu ne. Akwai tsarin Porro, mai sunan Ignazio Porro ɗan Italiya da ya yi rajistar dabarar a 1854, wanda kamfanin Zeiss na Jamus ya fara sayar da madubai a kan irin tsarinsa a 1894. Ana gane shi da kafaɗa: gilasan gaba sun fi na ido buɗewa. Ɗaya irin kuma bututunsa a miƙe yake sambal, ya fi siranta, ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura. Sai dai miƙaƙƙen yana bukatar aiki mai tsananin daidaito da wani shafe na musamman a kan firizim ɗin da ke gyara tafiyar haske, in babu shi hoton ba ya fita ras. Don haka mai ƙaramin ƙarfi a aljihu ya sani cewa a kuɗi ɗaya, Porro yakan fi miƙaƙƙe kyan hoto. Game da gilashin firizim ɗin kansa, za a ga an rubuta BaK-4 ko BK-7. Kada a tsaya ga rubutu. A dubi ɗigon hasken nan: idan da'ira ce cikakkiya mai haske har baki, madalla, idan gefunanta huɗu sun yi inuwa toka-toka kamar an yanke su, haske na ɓacewa a gefen fili.

Shafen da ke kan gilasai shi ne abin da ido bai cika lura da shi ba, amma shi ke raba na ƙwarai da na banza. Duk fuskar gilashin da ba a shafa ba tana mayar da wajen kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata, kuma a cikin bututu ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye. Idan aka tara, kusan rabin hasken zai iya salwanta, wanda ya salwanta kuma yana yawo a ciki yana sa hoto ya yi hazo. Alexander Smakula ne ya samar da shafen rage wannan asara a kamfanin Zeiss a 1935. A yau na ƙwarai, wanda aka yi wa shafe hawa-hawa a kowace fuska, yana wuce da kashi 90 cikin ɗari ko fiye, kuma sau da yawa ana yi masa alama da haruffan FMC. Gwajinsa: ka bar fitila a bayanka ka leƙa gilashin gaba. Idan hasken da ke dawowa mai rauni ne, kore mai duhu ko shuɗi-ja, da kyau. Idan fari ne fat har kana ganin fuskarka sarai, akwai fuskokin da ba a shafa ba. Haruffan ED kuma suna nufin gilashin da ke rage wani jirwaye mai launin shunayya ko kore da ke fitowa a gefen baƙin reshe idan farar sama na bayansa, ko a bakin wata. Yana da amfani, musamman a ƙarfi 10, amma ba farilla ba ne.

Masu sa tabarau su kula da wata lamba da ake yawan mantawa, wato tazarar da ido zai iya tsayawa daga gilashin ido ya kuma ga fili cikakke. Su nemi milimita 15 zuwa sama, 17 ko 18 ya fi, sannan su murɗa robar bakin ido ta koma ƙasa. Wanda ba ya sa tabarau shi kuma ya ɗago ta, in ba haka ba zai riƙa ganin baƙaƙen inuwoyi na gilmawa. A duba kuma mafi kusancin nisan da madubin ke iya saitawa: mita 2 zuwa 3 ya yi wa mai kallon tsuntsaye. In da hali a ɗauki wanda aka toshe da zoben roba aka cika shi da iskar nitirojin ko agon, don ba ya yin gumi daga ciki. Alamar IPX7 tana nufin ya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30.

Yanzu ga aibin da ya fi kowanne muni, kuma ya fi ɓuya. Bututun biyu dole su kalli wuri ɗaya daidai wa daida. Idan firizim ya goce, ko daga masana'anta ko sakamakon faɗuwa, kowane ido hotonsa daban yake samu, ƙwaƙwalwa ta yi ta faman haɗa su. Mutum ba zai ga hoto biyu nan take ba, sai dai bayan minti biyar ko goma ya ji idanunsa na ja, kansa na sarawa, ya ɗauka shi ne bai saba ba. Ga yadda ake kama shi. Ka saita a kan wani miƙaƙƙen layi da ke kwance a nesa, kamar bakin rufin gini ko wayar lantarki, sannan ka janye madubin a hankali wajen santimita 10 daga idanunka, duka biyun a buɗe. Layin da ke da'irar hagu ya zama ya zarce cikin ta dama ba tare da hawa ko sauka ba. Idan ɗaya ya fi ɗaya tudu, ajiye shi, ko sunan wane kamfani ne a jikinsa. Da dare kuma tauraro mai haske shi ne alƙali: ya fito ɗigo ɗaya tsaf, ba mai jela ba, ba biyu ba, kuma ya ci gaba da zama ɗigo har ka kai shi wajen kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa bakin fili. Ɗan dishi-dishi a can baki ba laifi ba ne. Ka murza abin saiti na tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tafi sumul ba tare da sassauci ko cijewa ba. Ka girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji motsin komai. Ka haska tocila ta gilashin gaba ka nemi ƙura, ko ƙarce, ko wasu zare-zare farare, waɗanda fumfuna ce. Wanda zai saya ta intanet ya tabbatar akwai damar mayarwa, ya yi duk gwajin nan ranar da kayan suka iso.

Da yawa suna zargin madubi alhali saiti ne ba su yi ba. Da farko ka lanƙwasa gaɓar tsakiya har da'irori biyu su haɗe su zama ɗaya. Yawancin madubai suna buɗewa daga milimita 56 zuwa wajen 72, shi ya sa wasu ba sa yi wa yara. Sannan, tunda idanun mutum ba ƙarfinsu ɗaya ba, akwai zobe na daban, galibi a gilashin ido na dama. Ka rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, kada ka runtse ido domin runtsewa na matse ƙwayar ido ta canza gani. Ka saita idon hagu da abin murzawa na tsakiya a kan wani rubutu mai nisa kamar mita 30. Ka cire murfin daga dama ka rufe gilashin gaba na hagu da shi, ka saita idon dama da zoben kaɗai, ba tare da taɓa na tsakiya ba. Ka lura da inda zoben ya tsaya. Daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa murzawa.

Wajen kama tsuntsu, kada ka sunkuyar da kai ka nemi madubi. Ka kafa masa ido, ka ɗago madubin ya shiga tsakanin idonka da shi. Wajen taurari kuwa, ka ba idanunka minti 20 zuwa 30 a duhu, ka nisanci hasken waya, in dole ne ka yi amfani da jar fitila mai rauni. Ka kishingiɗa a kujera mai jingina ko ka kwanta rigingine, ka tokare gwiwar hannu, ka riƙe madubin ta can gaba kusa da manyan gilasai, girgiza za ta ragu sosai. Yawancin madubai suna da ramin sukuru a gaban gaɓar tsakiya, a ƙarƙashin wani ɗan murfi, inda ake ɗaura ƙarfen da ke haɗa su da maɗori mai ƙafa uku.

Ya kamata mai saye ya san abin da zai gani, don kada ya yi tsammanin hotunan mujallu. Ramukan wata da duwatsunsa suna fitowa sosai a kan iyakar haske da duhu, musamman wajen kwana bakwai da tsayuwarsa. Daren sha huɗu haske ya yi yawa, inuwa ta ɓace. Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, za ta fito da taurari gommai. Idan hannu ya tsaya cak za a ga manyan watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), ɗige-ɗige a jere a gefensa, waɗanda Galileo ya gano a 1610, kuma matsayinsu na sauyawa daga dare zuwa dare. Za a ga babban gungun taurari na Andiromeda, wanda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan ƙaramin gajimare wajen shekarar 964, kuma haskensa shekara miliyan biyu da rabi yake yi a hanya kafin ya iso mu. A madubi farin tabo ne mai tsawo, ba launi. Zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) kuwa ba ya rabuwa da jikinsa a ƙarfi 8 ko 10, wannan aikin babbar na'ura ne.

Gargaɗin da ba na so a ɗauke shi da wasa: kada a kalli rana da madubin nan, ko na ƙiftawar ido, ko a lokacin husufi. Gilashin da ke tara haske sau 50 zai ƙona bayan ido nan take, kuma wurin ba ya jin zafi balle ya yi maka kashedi, lahanin kuma yakan zama na dindindin. Mai bin tsuntsu a sama ya san inda rana take kafin ya ɗaga, mai neman jinjirin wata ko Zara ya jira rana ta faɗi ƙurmus, yara kuma kada a bar su da shi su kaɗai da rana.

Wajen kulawa, abin da ya fi kashe gilashi shi ne goge shi da bakin riga. Ƙura tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi shafen tauri, gogewa ɗaya ta bar ƙarce. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska ko a share da burushi mai laushi, sannan a ɗiga ruwan goge gilashi a kan ƙyallen goge tabarau, ba a kan gilashin ba, a shafa a hankali daga tsakiya zuwa baki. Kada a bar shi a cikin mota a rana, zafi na narkar da man da ke cikinsa ya kuma sassauta gam. Idan raɓa ta sauka masa da dare, a bar shi a buɗe ya bushe kafin a rufe shi a jaka, kuma a wuri mai laima a ajiye 'yar ƙunshin silika mai tsotse danshi tare da shi. Igiyar kuwa a rataya ta a wuya tun kafin a cire murfi, domin faɗuwa ɗaya daga tsayin ƙugu ta isa ta gotar da firizim, gyaransa kuma sai mai kayan aiki na musamman.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai sha'awar kallon tsuntsaye da taurari